NAZARI: Cibiyoyin Atisayen Likitoci Da Makomar Yaron Da Ya Ci Zaƙami

A cikin watan Afrilun 2025 ne Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana cewa Gwamnatin Tarayya ta ware Naira biliyan 110 ta hannun Asusun TETFund domin farfaɗo da kwalejojin koyon aikin likita a shiyyoyi shida na ƙasar nan. Daga cikin ayyukan da aka lissafa har da kafa cibiyoyin atisaye, wato ɗakunan da ɗalibai da likitoci za su riƙa gwada ceton rai a jikin mutum-mutumi kafin su ɗora hannu a kan majinyaci na gaske.

Shirin ya zo a kan gaɓa. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sha faɗin cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekarun nan, a daidai lokacin da gwamnati ta ƙara yawan gurabun ɗaliban da makarantun kiwon lafiya za su ɗauka. Ɗalibai na ƙaruwa, manyan likitocin da za su tsaya da su a bakin gadon majinyaci suna raguwa. Ana sa ran ɗakin atisaye ya cike wani ɓangare na wannan giɓi.

Sai dai akasarin maganar da ake yi ta tsaya ne a kan gini da na'urori. Ba a cika tattauna abin da za a koyar a cikin ɗakunan ba, da wanda za a koyar, da kuma sau nawa. Akwai majinyaci guda da zai iya zama ma'aunin wannan shiri baki ɗaya: ƙaramin yaron da aka garzayo da shi asibiti bayan ya ci wani tsiro mai guba.

Gubar da ke tsirowa a bayan gida

Binciken da likitocin yara suka daɗe suna wallafawa daga asibitocin koyarwa na Najeriya ya nuna cewa kananzir ne ya fi yawa a cikin gubar da yara ke sha bisa kuskure, sai magunguna da sinadaran kashe ƙwari da sodar haɗa sabulu. Tsirrai ba su kan gaba a wannan jeri. Wannan ƙarancin ne ma ke sa su zama haɗari, domin ɗalibi zai iya kammala shekaru shida na karatu da shekara guda ta sanin makamar aiki bai taɓa ganin irin wannan majinyaci da idonsa ba. Ranar da zai fara gani, wataƙila shi kaɗai ne likita a babban asibitin wata ƙaramar hukuma, da tsakar dare.

Tsirran kuwa ba a nesa suke ba. Zaƙami, wanda Hausawa ke wa laƙabi da haukata-yaro, Yarbawa kuma ke kira gegemu, yana fitowa a kan juji da kangaye da gefen hanya. Dukkan sassansa na ɗauke da sinadarai dangin aturofin, musamman 'ya'yansa. Yara ƙanana kan ci shi cikin wasa, matasa kuma kan sha shi da gangan domin buguwa, ko a zuba masu a abin sha ba da saninsu ba. Yakan kuma shiga cikin hatsi lokacin girbi. A watan Maris na 2019, mutane kusan 300 suka kwanta rashin lafiya, biyar suka rasu, a yankin Karamoja na ƙasar Yuganda, bayan sun sha kunun garin agaji da bincike ya tabbatar 'ya'yan zaƙami sun gurɓata shi.

Bini-da-zugu, wanda ake shinge da shi a gidaje da gonaki, yana da ƙwaya mai ɗanɗano kusa da na gyaɗa, shi ya sa yara ke ruɗuwa da ita. Tun a 1986 masana a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka wallafa labarin yara biyu, ɗan shekara uku da ɗan shekara biyar, waɗanda suka ci ƙwayar suka kamu da amai mai tsanani har ruwan jikinsu ya ƙare. Ƙwayar zurma da jajayen 'ya'yan idon-zakara na ɗauke da gubar da ke hana ƙwayoyin halittar jiki aiki, kuma illarsu kan yi jinkirin bayyana, har a sallami yaro ana zaton ya tsira. Rogo mai ɗaci da ba a jiƙa shi ya tsima ba yana sakin gubar sayanayid, wadda ke hana jiki amfani da iskar da aka shaƙa.

Sai gwanja-kusa, itacen da ake kira ishin a ƙasar Yarbawa. Ɗan itacen da ya nuna har ya buɗe da kansa ana cin farin naman cikinsa, amma ɗanyensa da ƙwayarsa na ɗauke da sinadarin da ke toshe hanyar da jiki ke bi ya samar wa kansa sukari idan wanda ya ajiye ya ƙare. Daga watan Janairu zuwa Mayun 1998, yara 29 'yan shekara biyu zuwa shida suka kamu da amai da jijjiga da dogon suma a kudu maso yammacin Burkina Faso, kuma babu wanda ya rayu a cikinsu. Binciken da aka wallafa a shekarar da ta biyo baya ya danganta mace-macen da cin ɗanyen gwanja-kusa. A 2015 ma likitocin yara a Ilorin sun ba da rahoton 'yan gida ɗaya su takwas da suka galabaita bayan cin gasasshiyar ƙwayarsa da namansa.

Inda kuskure ke shigowa

Matsalar waɗannan tsirrai ita ce suna zuwa da kamannin cututtukan da likitan Najeriya ya fi sabawa da su. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Saboda haka idan aka kawo yaro jiki zafi, yana sambatu ko jijjiga, tunanin farko shi ne zazzaɓin ya taɓa ƙwaƙwalwa, na biyu kuma sanƙarau. Mafi yawan lokuta wannan zato daidai ne. Amma a yankunan da sauro ya yi katutu, yara da dama na yawo da ƙwayar cutar a jininsu ba tare da ita ce ta kwantar da su ba. Gwaji zai nuna akwai ta, a rufe bincike a nan, a ɗaura allurar zazzaɓi, guba kuma ta ci gaba da aikinta.

Alamun da ke raba su ƙanana ne, sai wanda ya saba nema. Yaron da ya ci zaƙami baƙin idonsa kan buɗe sosai, bakinsa ya bushe, fatarsa ta yi zafi ba tare da gumi ko a hammata ba, zuciyarsa na bugawa da sauri, mararsa ta cika da fitsarin da ya kasa fita, yana miƙa hannu yana tsintar abin da babu shi. A gida akan fassara wannan da shafar aljanu, a ɓata sa'o'i kafin a nufi asibiti. A asibitin kuma akwai wani tarkon: magungunan da aka saba ɗaukowa domin kwantar da mai fizge-fizge, irin su Phenergan da Largactil, suna da aiki irin na gubar zaƙamin, don haka suna iya ƙara dagula lamarin. Abin da ya dace shi ne diyazifam, wanda aka fi sani da Valium, tare da sanyaya jiki, da ƙarin ruwa, da sa robar fitsari, da sa ido a kan numfashi.

Yaron da ya ci gwanja-kusa kuwa rayuwarsa na rataye ne a kan ɗigon jini guda da za a auna sukari da shi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba yaron da sukarinsa ya faɗi mililita biyar na ruwan gulukos mai ƙarfin kashi 10 a kan kowane kilo na nauyinsa, ta jijiya. Idan ba a samu jijiya ba, a jiƙa sukari a sa masa a ƙarƙashin harshe kafin a samu. A irin wannan guba sukarin kan sake faɗuwa, don haka dole a riƙa maimaita awo. Abin da ya faru a Muzaffarpur ta ƙasar Indiya ya nuna girman wannan mataki. A 2014 an kwantar da yara 390 a asibitoci biyu na garin, 122 suka mutu. Binciken da aka wallafa a 2017 ya gano cewa 'ya'yan itacen lici, masu sinadari irin na gwanja-kusa, su ne sanadi, musamman ga yaran da suka kwana ba su ci abincin dare ba. Manyan shawarwarin masu binciken su ne a ciyar da yara da daddare, a kuma gaggauta auna sukari da gyara shi.

Ga kuma abin da aka riga aka yi a gida kafin isowa. Ɗura wa yaro manja ko madara, ko cusa masa yatsa a maƙogwaro domin ya yi amai, al'ada ce da likitoci ke cin karo da ita a kowace shiyya. Idan yaron ya fara fita hayyacinsa, abin da aka ɗura kan sarƙe shi ya gangara huhu, a samu ciwo na biyu da ka iya fin na farko muni. Ko gawayin asibiti da ake bayarwa domin ya tsotse guba, wanda ya sha bamban da gawayin murhu, ya fi amfani ne cikin sa'a ta farko, kuma ba a ɗura shi ga yaron da ba ya iya haɗiya da kansa.

Duk wannan yana cikin littafi, kuma ɗalibai na amsa shi a jarrabawa. Abin da littafi ba ya koyarwa shi ne tuna shi cikin minti biyar, ga uwa na kuka, ga wuta ta ɗauke, ga majinyata goma na jira.

Yadda atisayen yake

Tsarin ba sabo ba ne. A 1960 wani mai ƙera kayan wasan yara a ƙasar Norway, Asmund Laerdal, ya fito da mutum-mutumin farko na koyon hura wa mutum numfashi. Daga baya likitocin sa barci a Amurka suka aro dabarar matuƙa jirgin sama, waɗanda ke maimaita haɗurran da ba kasafai ke aukuwa ba a cikin na'urar kwaikwayo har martani ya zame masu jiki.

A atisayen guba, akan shirya labarin majinyaci tun daga farko har ƙarshe. Misali, a ce an kawo yarinya 'yar shekara biyar tana sambatu. Wani malami zai fito a matsayin mahaifiya, kuma ba zai ambaci cewa yarinyar ta yi wasa a kango ba sai an tambaye shi. Likita da ma'aikatan jinya za su shiga kamar da gaske. Idan sun auna sukari, a faɗa masu sakamako. Idan sun haska ido, a ce masu baƙin ya buɗe. Idan suka ba da maganin da bai dace ba, mai gudanarwa zai sa bugun zuciya ya ƙaru, zafin jiki ya hau. Bayan minti goma zuwa goma sha biyar a tsaya.

Daga nan sai zaman bita, wanda masana wannan fanni ke ɗauka shi ne zuciyar aikin. A nan ake tambaya: me ya sa ba wanda ya tambayi abin da yarinyar ta ci? Wa ya lura fatar a bushe take, me ya hana shi magana? A asibitocin da ƙaramin ma'aikaci ke jin nauyin gyara wa babba, wannan tambaya ta ƙarshe na da muhimmanci. Sau da yawa ma'aikaciyar jinyar da ta shekara ashirin a gari ta fi sabon likita sanin abin da yaran garin ke tsinka su ci.

Akwai shaidar cewa irin wannan horo na ceton rai a Afirka. A asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, sake tsarin tantance yara tun daga ƙofa da horar da ma'aikata a kan agajin gaggawa ya sauko da mace-macen yaran da aka kwantar daga tsakanin kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari, ya koma kashi 6 zuwa 8. A Tanzaniya, shirin koyar da ungozomomi farfaɗo da jarirai da wata 'yar tsana mai arha ya rage mutuwar jarirai a ranar farko da kashi 47 cikin ɗari a asibitoci takwas, kamar yadda aka wallafa a 2013.

Darasin da ya fi dacewa da Najeriya ya fito ne daga asibitin Haydom na karkarar Tanzaniya. Kwas na kwana ɗaya ya sa ma'aikata sun ƙware a jikin 'yar tsana, amma aikinsu a ɗakin haihuwa bai sauya ba. Sai da aka ajiye 'yar tsanar a wurin aiki, aka riƙa gajeren atisaye a kai a kai, sannan mace-macen ranar farko suka sauka daga kusan 11 zuwa kusan 7 cikin kowace haihuwa 1,000. Waɗannan alƙaluma na jarirai ne, amma abin da suka nuna ya shafi kowane irin agajin gaggawa: ƙwarewar da ba a maimaitawa tana dushewa cikin watanni.

Darasin waken Kalaba

Kamfanonin da ke sayar da mutum-mutumi masu na'ura kan haɗa su da shiryayyun labaran majinyata, waɗanda aka rubuta domin asibitocin Turai da Amurka. A irin waɗannan labarai, likitan da ya gano gubar zaƙami zai buga waya cibiyar ba da shawara kan guba, ya duba na'urar auna bugun zuciya, sannan ya nemi makarin da ake kira fisostigimin.

Tarihin wannan makari daga Najeriya ya faro. An samo shi ne daga waken Kalaba, wanda mutanen Efik ke kira esere, suke kuma ba wanda ake zargi da maita a zamanin da. A 1864 wasu masana biyu a Jamus suka tace sinadarin, a shekarar kuma wani likita a birnin Prague ya yi amfani da ruwan waken ya farfaɗo da fursunonin da suka sha aturofin. Yau maganin ba abu ne da ake samu a kowane kantin asibiti ba. Ko a Amurka ya yi wuya bayan da kamfanin Akorn, wanda shi kaɗai ke yin allurar a can, ya rufe a watan Fabrairun 2023.

Ma'ana, labarin atisayen da ke ƙarewa da allurar da babu ita a asibiti, yana koya wa likita jiran abin da ba zai zo ba. Wanda aka rubuta domin Najeriya dole ya tanadi na'urar auna sukari da tsinkenta ya ƙare, da iyalin da sai sun fita waje sayo ruwan gulukos, da shawarar ko a riƙe yaro ko a tura shi asibitin da ke nisan sa'o'i uku. Dole kuma ya ƙunshi sunayen tsirran da harsunan gida, domin babu uwar da za ta zo da sunan kimiyya a bakinta. Cibiyar Binciken Magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja, da Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, suna da taskokin samfurin tsirrai. Kundin hotuna da sunaye cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da Fulatanci da sauransu, wanda zai zauna a wayar kowane likita, aiki ne da ba zai ci ko kashi ɗaya cikin dubu na Naira biliyan 110 ba.

Masu ganin akwai abin da ya fi wannan gaggawa

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, gudawa da tamowa ne ke kashe mafi yawan yaran Najeriya, kuma asibitin da ba shi da iskar taimaka wa numfashi ba atisaye ne babbar buƙatarsa ba. Haka nan mutum-mutumi mai na'ura na buƙatar wutar da ba ta yankewa, da sanyi, da injiniya, da kayan gyara daga waje. Asibitocin ƙasar nan cike suke da na'urori masu tsada da aka ƙaddamar da biki, suka lalace aka lulluɓe su da ƙyalle.

Amsar ita ce matakan ceton yaron da ya ci guba su ne dai matakan ceton yaron da zazzaɓi ya sumar: buɗe hanyar numfashi, auna sukari, tsayar da jijjiga, mayar da ruwan jiki. Tawagar da ta goge a kan ɗaya ta samu rabin ɗayan. Ƙarin da atisayen guba ke kawowa shi ne ɗabi'ar tsayawa a tambayi abin da yaro ya ci, da ko akwai wani a gidan da ke cikin irin halin. Najeriya ta riga ta ɗanɗana kuɗar rashin wannan tambaya. Maganin haƙoran yara na My Pikin ya kashe yara 84 tsakanin 2008 da 2009, gubar dalma kuma ta kashe aƙalla yara 400 a Zamfara a 2010, inda da farko aka yi zaton cututtukan da aka saba gani ne.

Game da tsada kuwa, nazarce-nazarce da dama da suka kwatanta mutum-mutumi masu na'ura da 'yan tsana marasa tsada sun samu bambanci kaɗan a abin da ɗalibai ke koya. Ingancin labarin, da ƙwarewar mai jagorantar bita, da yawan maimaitawa, su ne ke yin tasiri.

Abin da ya rage ga hukumomi

Cibiyoyin da TETFund za ta gina za su kasance ne a jami'o'i, alhali yaron da ya ci zaƙami ko bini-da-zugu yakan fara sauka ne a ɗakin shan magani na ƙauye ko babban asibitin ƙaramar hukuma. Idan cibiyoyin suka tsaya ga ɗaliban da ke harabarsu, amfaninsu ba zai kai inda ake mutuwa ba. Hanyar da za ta kai shi can ita ce a mayar da su wuraren horar da masu horarwa, waɗanda za su koma jihohi da 'yar tsana a jaka da rubutattun labarai, su riƙa gudanar da atisayen minti ashirin a sashen gaggawa kowane mako ko biyu, tare da ma'aikatan jinya da na lafiya matakin farko.

Majalisar Kula da Aikin Likitoci ta MDCN, wadda ke neman shaidar ƙaro ilimi kafin sabunta lasisi, tana da ikon sa atisayen agajin gaggawa na yara cikin sharuɗɗanta. Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas da Ƙungiyar Likitocin Yara ta Najeriya su ne suka fi cancanta su rubuta labaran, su kuma tattara rahoton kowace guba da aka gani domin a san wane tsiro ne ya fi ɓarna a wace shiyya, a wane lokaci na shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da rabin ƙasashe mambobinta ne ke da cibiyar ba da shawara kan guba, kuma Afirka na cikin yankunan da giɓin ya fi yawa. Lambar waya guda da ke aiki dare da rana, wadda kowane likita ya haddace, ita ce abokiyar tafiyar kowane atisaye.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a yanke ƙyallen buɗe cibiya ta farko, ya kamata Ma'aikatar Ilimi da ta Lafiya su bayyana wa jama'a wanda zai rubuta abin da za a koyar, nawa aka ware domin horar da malamai da gyaran na'urori bayan shekarar farko, da kuma adadin ma'aikatan asibitocin ƙananan hukumomi da za su ratsa ta cikin ɗakunan a kowace shekara.